Harajin Albashi da Jinkirin Hukuma: Halin da Masu Ƙananan Sana'o'i Suka Shiga a Amurka

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe kasuwanni da ofisoshi, wata mas'ala ta taso a ƙasar Amurka tsakanin masu ƙananan sana'o'i da hukumar tara harajin tarayya, wadda aka fi sani da IRS, har yanzu kuwa ƙurar ba ta gama lafawa ba. Asalin maganar shi ne doka ta wajabta wa duk wanda ya ɗauki ma'aikaci, ko da mai gidan abinci ne da yaransa biyar, ya yanke haraji daga albashinsu ya kai baitulmali a kan wa'adin da ake ƙidayawa da kwanaki, in ya saɓa a ci shi tara. Alhali ita hukumar, sa'ad da ya zamana ita ake bi, sai ta riƙe takardun mutane da kuɗinsu watanni, na wasu har fiye da shekara, ba ta ce ta karɓa ba, ba ta ce ta ƙi ba. Da yake labarin yakan iso kunnen jama'a a cakuɗe, har wasu suna ɗaukan harajin albashi da harajin riba abu guda ne, wasu kuma suna zaton wanda gwamnati ta riƙe wa kuɗi yana da hujjar riƙe nata, ya dace a bi al'amarin daki-daki.

Ma'anar kalmomi

Harajin albashi shi ne kuɗin da ake biyan gwamnati saboda ladan ƙwadago, ko sana'ar ta ci riba a shekarar ko ta faɗi. A nan ya sha bamban da harajin riba, wanda ba ya hawa kan mai sana'a sai in wani abu ya rage masa bayan an fitar da ɗawainiya. A Amurka kashi uku ne. Na farko harajin kuɗin shiga na shi ma'aikacin, wanda ubangidansa ke yankewa tun kafin albashi ya shiga hannunsa. Na biyu kuɗin asusun tsofaffi da naƙasassu, da na asusun jinyar tsofaffi: ana yanke kashi 6.2 cikin ɗari na albashi domin na farkon, da kashi 1.45 domin na biyun, sa'an nan ubangida ya ƙara daidai wannan daga aljihunsa, jimla ta zama kashi 15.3. Na uku kuɗin asusun waɗanda suka rasa aiki, wanda ke kan ubangida shi kaɗai: a rubuce kashi 6 ne na dala 7,000 na farkon albashin shekara, amma wanda ya biya na jiharsa a kan kari yakan sami ragi har ya koma kashi 0.6, watau dala 42 a kan kowane ma'aikaci.

Takardar bayanin haraji kuwa, wadda ake kira fom, ita ce shedar da mai sana'a ke rubutawa da hannunsa cewa ga abin da ya biya ma'aikata, ga abin da ya yanke, ga abin da ya zuba. Ta harajin albashi lambarta 941, kuma ana miƙa ta kowane rubu'in shekara, a ƙarshen Afrilu, da Yuli, da Oktoba, da Janairu. In aka gano kuskure daga baya, ko wani haƙƙi da aka manta ba a nema ba, sai a cika takardar gyara mai lamba 941-X. Tantancewa ita ce hukuma ta shigar da takarda cikin littattafanta, ta gwada ta da abin da ke asusun mutum, ta yanke ko shi ake bi ko ita. Rarar da ta fito, ita ce kuɗin da ake mayarwa.

Mai karatu a Nijeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tsarin PAYE na yanke haraji daga albashi haka yake tafiya: a yanke, a kai wa hukumar harajin jiha zuwa ran 10 ga watan da ke biye, a miƙa bayanin shekara zuwa ran 31 ga Janairu.

Hannun amana da wa'adinsa

Kuɗin asusun tsofaffi ya samo asali daga dokar 1935 ta zamanin Shugaba Roosevelt, aka fara karɓarsa a 1937 a kan kashi ɗaya cikin ɗari daga kowane ɓangare. Na jinya ya zo a 1965. Yanke harajin kuɗin shiga daga albashi kuwa ya tabbata a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta ga ba za ta iya jiran ƙarshen shekara ba kafin ta karɓi abin da za ta ɗauki nauyin yaƙi da shi. Ta haka kowane mai shago da ke da ma'aikaci ya zama mai tara wa gwamnati haraji, ba tare da an naɗa shi ba, ba kuma tare da an yanka masa lada ba.

Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin bashi da ajiya: bashi ya shiga dukiyar wanda ya ci shi, yana iya jujjuya shi har wa'adi ya cika, amma ajiya tana nan a kan mallakar mai ita, ba a taɓa ta. Dokar Amurka ta ɗauki abin da aka yanke daga albashin ma'aikaci a matsayin ajiya, har ma sunan da take kiransa da shi ke nan, kuɗin amana. Saboda haka hukuncinsa ya fi na sauran haraji tsanani nesa ba kusa ba. Ƙaramin mai sana'a, wanda harajin albashinsa bai wuce dala 50,000 a shekarar da ake auna shi da ita ba, wajibi ne ya zuba na kowane wata zuwa ran 15 ga watan da ke biye. Wanda ya wuce haka, cikin 'yan kwanaki bayan kowace ranar biyan albashi. Wanda ya makara da kwana ɗaya zuwa biyar, tararsa kashi 2 cikin ɗari. Daga shida zuwa goma sha biyar, kashi 5. Bayan haka kashi 10. In kuma takardar gargaɗi ta zo masa ya ƙara kwana goma bai biya ba, ta kai kashi 15. Rashin miƙa fom a kan lokaci yana da tasa tarar dabam, kashi 5 a kowane wata har ta kai rubu'in abin da ake binsa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne hukuncin da ke sashe na 6672 na kundin haraji. Galibi mutum yakan yi wa sana'arsa rajistar kamfani domin ya raba dukiyarsa da ta kamfanin, in kamfanin ya karye masu bin bashi ba su isa gidansa ba. A kuɗin amana wannan katanga ba ta aiki. Duk wanda ke da ikon sa hannu a biya, mai kamfani ne ko akawunsa, in ya san da kuɗin ya zaɓi ya biya haya ko dillalin kaya da su, hukuma tana iya binsa shi kansa dukan abin da aka yanke, ko kotu ta ayyana shi muflisi wannan bashin ba ya faɗuwa. Dalilin tsananin a fili yake: ma'aikacin da aka yanke wa kuɗi ana rubuta masa cewa ya biya, ko ubangidansa ya kai ko bai kai ba, don haka hasarar a kan baitulmali take sauka. Wannan hukunci yana da hujja mai ƙarfi, ba kuwa a kansa ake jayayya ba.

Yadda takardu suka taru

Jinkirin yana da sabubba da suka riga annoba. Daga 2010 zuwa 2021 kasafin hukumar ya ragu da kimanin humusi in aka yi la'akari da tsadar kaya, ma'aikatanta suka ragu da kashi 17 cikin ɗari, alhali yawan takardun da ake miƙa mata ƙaruwa yake yi. Babban rumbun da take ajiye asusun mutane a kwamfuta an gina shi tun shekarun 1960. Takardar da aka aiko ta intanet na'ura ke karanta ta, har mutum yakan ga rararsa cikin kwana 21. Amma wadda aka aiko ta gidan waya, a cibiyoyin Kansas City da Ogden da Austin, sai ma'aikaci ya buɗe ambulan, ya zauna ya buga lambobinta ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa.

Da annoba ta zo a watan Maris na 2020 aka rufe cibiyoyin nan, wasiƙu suka yi ta zuwa ana jibge su cikin tireloli. Sa'an nan Majalisar Dokokin ƙasar ta ɗora wa hukumar rabon kuɗin agaji ga gidaje har sau uku, da waɗansu sababbin ayyuka, duk da ma'aikatan da ba su ishi aikin asali ba. Erin Collins, wadda ke riƙe da ofishin kare haƙƙin masu biyan haraji, ofishin da ke cikin hukumar amma yana kai rahotonsa ga Majalisa kai tsaye, ta bayyana cewa a ƙarshen lokacin miƙa takardu na 2021 akwai takardu fiye da miliyan 35 da ke jiran hannun mutum, kuma a ƙarshen wannan shekarar fom 941 da na gyaransa fiye da miliyan 2 ba a taɓa su ba. A shekarar kuɗi ta 2021 an buga wa hukumar waya kimanin sau miliyan 282, ma'aikaci ya amsa kashi 11 cikin ɗari kaɗai. Mai binciken ayyukan hukumar kuma ya gano cewa a watan Maris na 2021 an lalata takardun shedar kuɗin shiga kusan miliyan 30 da aka aiko a rubuce, saboda ba a sami damar shigar da su ba.

Illar wannan ga mai ƙaramar sana'a tana da siga ta musamman. Na'urar da ke aika takardar gargaɗi ba ta jinkiri, domin ba ta bukatar hannun mutum. Amsar da mai sana'a ya rubuto kuwa sai ta shiga layi. Ta haka mutum yakan sami gargaɗi na biyu a kan abin da ya riga ya amsa, har hukumar da kanta ta dakatar da aika waɗansu irin takardun a farkon 2022.

Tallafin riƙe ma'aikata

Inda abin ya fi muni shi ne tallafin da dokar agaji ta watan Maris 2020 ta kafa domin kada a sallami ma'aikata. Sharaɗinsa ɗayan biyu ne: ko umurnin gwamnati ya tsayar da sana'ar, duka ko wani sashe, ko cinikinta ya faɗi ƙasa da rabin na 2019, a 2021 aka sassauta, faɗuwar da ta wuce humusi ta wadatar. Adadinsa ya kai dala 5,000 a kan kowane ma'aikaci a 2020, da dala 7,000 a kowane ɗaya daga rubu'i uku na farkon 2021, jimla dala 26,000. Da farko an hana shi ga wanda ya karɓi rancen biyan albashi na lokacin annoba, amma a watan Disamba na 2020 aka janye hanin, aka kuma mayar da janyewar baya. Wannan ya sa dubban ɗaruruwan masu sana'a suka cancanci kuɗi a kan watannin da suka riga suka miƙa takardunsu, ba su da hanyar nema sai fom 941-X, shi kuwa har zuwa 2024 ba a karɓarsa sai a rubuce ta gidan waya. Watau tallafin da aka yi domin gaggawa, sai ga shi ya bi ta ƙofar da ta fi kowace cunkoso.

A nan ne kuma wani ruɗani ya samo tushe. A lokacin da tallafin ke gudana doka ta yarda mai sana'a ya rage zubinsa na wata gwargwadon abin da ya cancanta. Wannan izni ya ƙare da ƙarewar tallafin. Wanda ya nemi a mayar masa da kuɗi yana jira ba shi da ikon ya rage zubin watannin gaba da kansa, ko da abin da yake bin gwamnati ya ninka abin da take binsa. In ya yi, tara da hukuncin amana suna hawa kansa kamar kowa.

Da annoba ta wuce, maimakon neman tallafin ya ragu sai ya ƙaru, domin waɗansu 'yan kamasho sun mai da shi sana'a. Suka cika rediyo da talabijin da wayoyin mutane da talla, suna ce wa kowa ya cancanta, suna cika fom a kan a ba su kaso daga abin da ya fito, wani lokaci har rubu'insa. Zuwa watan Satumba na 2023 hukumar ta karɓi buƙatu kusan miliyan 3.6, abin da aka biya ya haura dala biliyan 200, ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta tun farko. Ran 14 ga wannan watan shugaban hukumar na lokacin, Danny Werfel, ya dakatar da tantance sababbin buƙatu, ya kuma ce tsofaffin ma za su ƙara daɗewa. Aka buɗe ƙofa ga wanda ya ga an yaudare shi ya janye buƙatarsa, wanda ya riga ya karɓa kuma ya mayar da kashi 80 cikin ɗari a yafe masa saura. A tsakiyar 2024 buƙatu kimanin miliyan 1.4 na jira. Hukumar ta ce da ta auna fiye da miliyan guda daga cikinsu, tsakanin kashi 10 da 20 alamun ɓarna sun bayyana a kansu, tsakanin 60 da 70 akwai shubuha, tsakanin 10 da 20 kuma ba ta ga aibu ba.

Saɓanin ra'ayi

Masu goyon bayan hukumar suna cewa dukiyar baitulmali ita ma amana ce, kuma kuɗin da aka biya bisa kuskure dawo da shi ya fi hana shi wuya, musamman in ɗan kamasho ya riga ya ci kasonsa ya ɓace. A ganinsu dakatarwar ma kariya ce ga shi mai sana'ar, domin wanda aka biya abin da bai cancanta ba, shi za a bi daga baya da tara da kuɗin ruwa, ba wanda ya cika masa fom ba. Suna ƙarawa da cewa doka ba ta bar mai jira hannu rabbana ba: in rara ta wuce kwana 45 ba a biya ba ana ƙara mata kuɗin ruwa, in kuma wata shida ya wuce ba amsa, mutum yana da ikon kai ƙara kotun tarayya.

Akantoci da ƙungiyoyin masu sana'a, tare da ofishin Collins, sun amsa cewa tuhumar wasu ba ta zama hujjar tsare haƙƙin kowa ba. Ta bakin hukumar kanta akwai buƙatun da ba ta ga aibunsu ba, amma suka zauna layi ɗaya da na 'yan damfara. Suka nuna cewa mai jira ba shi da hanyar sanin inda takardarsa take, ga shi kuma da aka aika takardun ƙin biya wajen 28,000 a 2024, wasunsu sun fita ba tare da sakin layin da ke sanar da mutum haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara ba. Akwai wani nauyi kuma da ba a cika ambatonsa ba: ƙa'ida ta ce wanda ya nemi tallafin ya rage albashin da ya lissafa cikin ɗawainiyarsa ta shekarar da ya biya shi, wanda ke nufin ribarsa ta waccan shekarar ta ƙaru a takarda. Ta haka waɗansu suka biya ƙarin harajin riba a kan kuɗin da bai shigo hannunsu ba, sai a 2025 aka sassauta wannan.

Akwai ɓangare na uku da ke ɗora laifin a kan Majalisa, wadda ta rubuta sharaɗin tsayar da wani sashe na sana'a da lafazi mai ɗaukar fassara iri-iri, ta canja dokar sau da yawa cikin shekara biyu, ta ba da shekara uku na nema, bayan ta shekara goma tana rage kasafin hukumar da za ta aiwatar.

Wanda ya auna hujjojin nan zai ga cewa bincike wajibi ne, kuma babban rabon laifin na masu yin doka ne. Amma maganar kuɗin ruwa ba ta warware komai ba. Babban kamfani yana da banki da zai ba shi rance a kan rarar da yake jira, yana da lauyan da zai shigar da ƙara ran da wata shida ya cika. Mai gidan burodi da ma'aikata goma sha biyu, wanda albashi ke jiransa kowace Juma'a ta biyu, ƙarin da za a ba shi bayan wata goma sha takwas ba ya biyan hayar watan da yake ciki. Dokar da ta san ƙidayar kwana biyar da kwana goma sha biyar a kan mai sana'a, ba ta sa wa hukuma wa'adin da ya wajaba ta ce i ko a'a ba, kuma nan ne adalcin tsarin ya yi rauni.

Abin da ake tsammani

A watan Agusta na 2022 Majalisa ta ware wa hukumar kusan dala biliyan 80 na shekara goma, aka ɗauki dubban ma'aikata, aka fara karanta takardu da na'ura, tulin takardun mutane ya ragu ƙwarai, amsa waya ta gyaru. Daga baya aka zabtare fiye da biliyan 20 daga kuɗin, a 2025 kuma ma'aikatan hukumar suka ragu da kusan rubu'i. Abin da wannan zai haifar bai ɓoyu ba: takardar da aka aiko ta intanet ba kuskure za ta ci gaba da wucewa da sauri, amma duk abin da ke bukatar idon mutum, gyara ne, ko amsar gargaɗi, ko roƙon yafe tara, shi zai fara jin raguwar hannaye, kuma ƙananan masu sana'a, da yake ba su da sashen lissafi na kansu, sun fi kowa faɗawa cikin wannan aji.

Tallafin kansa an rufe ƙofarsa. Wa'adin neman na 2020 ya ƙare ran 15 ga Afrilu 2024, na 2021 kuma ran 15 ga Afrilu 2025. Dokar da aka sa wa hannu ran 4 ga Yuli 2025 ta hana biyan na rubu'i na uku na 2021 ga wanda ya miƙa buƙatarsa bayan 31 ga Janairu 2024, ko da a ranar da ya miƙa yana cikin wa'adi, ta kuma ba hukumar shekara shida ta binciki abin da aka biya na waɗannan watanni. Saboda haka wanda ya karɓa bai huta da ajiye littattafan albashi da kwafin umurnin da ya rufe sana'arsa ba. Wanda aka ƙi kuwa yana da shekara biyu daga ranar takardar ƙin ya kai ƙara kotu, kuma wannan wa'adin ba ya tsayawa don ya ɗaukaka ƙara a cikin hukumar. In bai sami rubutacciyar yarjejeniyar ƙarin lokaci ba, shekara biyun ta cika yana jiran amsar ofishin ɗaukaka ƙara, haƙƙinsa ya faɗi ko da daga baya an gano shi ke da gaskiya.